Yadda ake yi wa tsohuwar Fijo 504 cikakken sabis a gida

Motar da nake hawa Peugeot 504 ce, wadda muke kira Fijo, kuma gadonta na yi daga mahaifina, Allah ya jiƙansa. A Faransa aka fara fitar da irinta a 1968, daga 1975 kuma aka riƙa haɗa motocin Peugeot a masana'antar da ke Kakuri a Kaduna, har 504 ta zama motar ma'aikatan gwamnati da ta direbobin tasha baki ɗaya. Duk wanda ya yi zirga-zirga tsakanin Birnin Kebbi da Jega ko Argungu ko Yawuri a shekarun 1980 da 1990 ya san ƙarar injinta tun daga nesa. Yanzu makanikan da suka ƙware a kanta sun manyanta, yaran gareji kuwa hankalinsu ya koma kan motoci masu kwamfuta, shi ya sa mai irin wannan mota ya kamata ya iya yi mata aikin yau da kullum da hannunsa.

Bayanin nan na mai injin fetur ne, mai silinda huɗu da kafireto. Abin da na fi so ka riƙe shi ne jerin aikin, domin yawancin Fijon da na gani ta lalace a hannun mai ita, ba rashin kulawa ya kashe ta ba, taɓe-taɓe ne ba bisa tsari ba: mota ta ɗan yi gardama da safe, sai a kama kafireto a yi ta murɗawa, alhali ciwon yana wurin wuta. Baƙin mai ne farko, sai bawul, sai wuta, sai ruwa, sannan fetur, birki da ƙarƙashin mota su biyo baya.

Kayan aiki da kayan da za a saya

Duk notin da ke jikin Fijo da awon milimita aka yi shi, saboda haka ka nemi jerin sifana daga lamba 8 zuwa 19, masu baki da masu zobe, da akwatin soket idan da hali. Ka haɗa da sukudireba mai faɗin baki da mai kan tauraro, da filaya, da ƙaramar guduma, da buroshin ƙarfe, da tocila. Abubuwa uku ne na musamman waɗanda ba a yin aikin sai da su. Na farko doguwar sifanar filogi, domin filogin 504 yana can cikin rami mai zurfi, gajeriyar sifana ba ta kai masa. Na biyu makulli mai kusurwa huɗu na milimita 8, wanda ake kwance murfin zubar da mai da shi. Idan ba ka samu ba, maƙeri ko mai walda zai goge maka guntun ƙarfe ya fitar da kusurwa huɗu daidai ramin. Na uku ma'aunin tazara, wato siraran ƙarafan nan masu lamba da makanikai ke kira fila geji.

Kana buƙatar jak mai kyau da ƙafafun ƙarfe biyu na tokare mota. Idan babu ƙafafun, ka yi amfani da kututturen itace mai ƙwari wanda aka yanke shi daidai. Kada ka kuskura ka tokare mota da bulon siminti, yana tarwatsewa nan take ba tare da wata alama ba. Tsakar gidajenmu kuma yawanci rairayi ne, don haka sai an shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashin jak. Ka ajiye bokitin yashi kusa, ko tukunyar kashe gobara idan kana da ita, kuma a fili za a yi aikin, domin hayaƙin salansa yana kisa a rufaffen wuri.

Kayan saye su ne baƙin mai 20W-50 lita 5, da filtar mai, da filogi huɗu, da kontak da kwandensa, da filtar fetur, da gaskit na murfin bawul, da man birki DOT 4, da man aksul 80W-90, da giris, da ruwan batir, da ruwan lagireto. Ka tafi kasuwa da tsohon kayan a hannu don a gwada. Abin da ya gagara a Birnin Kebbi ko Jega, akan same shi a Sakkwato, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Fanteka a Kaduna. Ni a ganina tsohon kaya na asali da aka ciro daga wata Fijon ya fi sabon jabu sau da yawa, amma ban da roba da gaskit da kayan birki, waɗannan sababbi ake sawa.

Mataki na 1: Wanki da dubawa

Aikin kwana biyu ne, ana farawa da la'asar. Ka wanke injin da kananzir da buroshi, bayan ka rufe distiributa (mai raba wuta ga filogi) da kafireto da leda, sannan ka ɗauraye da ruwa kaɗan. Idan ya bushe, ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar ka tayar da ita minti goma. Abin da ya ɗiga a kwalin zai gaya maka inda take yoyo: baƙi daga inji, mai wari mai kauri daga aksul, mai santsi mara kala daga birki ko kuloci. Kafin ka kwance komai, ka ɗauki hoton injin da wayarka ta kowane ɓangare, musamman wayoyin filogi da ƙananan tiyo.

Mataki na 2: Canjin baƙin mai

Tun da injin ya ɗumama, man zai zuba da sauri tare da dattin da ya kwanta. Kafin ka zubar, ka zaro sandar awon mai ka sunsuna. Idan kana jin warin fetur sosai, ko kuma man ya haura alamar sama ba tare da ka ƙara ba, robar cikin famfon fetur ta huje, fetur yana gangarawa cikin mai, kuma sai an gyara wannan kafin a zuba sabo. Ka duba bayan murfin da ake zuba mai. Idan ka ga farin abu kamar kindirmo, ruwa yana shiga mai, za mu zo kansa a mataki na 5.

Ka sa roba mai faɗi, ka kwance murfin ƙasa, ka bar man ya tsiyaye kamar rubu'in awa. Filta da hannu ake kwance ta. Idan ta ƙi, ka naɗa mata tsohon fanbel ka murɗa da sanda. Soka mata sukudireba shi ne dabarar ƙarshe, domin idan gwangwanin ya yage ta ƙi fita, ka shiga uku. Ka tabbata robar bakin tsohuwar filtar ba ta manne a jikin inji ba, ka shafa wa robar sabuwar mai da yatsa, ka ɗaura da hannu kawai, idan ta zauna ka ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye. Injin yana cin kimanin lita 4. Ka zuba uku da rabi, ka tayar na minti ɗaya har fitilar mai ta mutu, ka kashe, ka jira minti biyar, sannan ka cika zuwa alamar sama, kada ka wuce ta.

Ƙa'ida ita ce a canza bayan kilomita 5,000, amma ni da ƙurar hunturu da zafin bazararmu ba na wuce 3,000. Tsohon man kuwa kada a zuba shi a kwata ko kusa da rijiya; ka zuba a jarka ka ba masu shafa wa katako don maganin gara. Daga nan sai ka bar motar ta kwana.

Mataki na 3: Saitin bawul

Wannan shi ne aikin da ya fi ba sabon shiga tsoro, kuma shi ne ya fi canza lafiyar mota. Da sassafe ake yin sa, injin yana sanyi ƙalau, domin ƙarfe yana buɗewa idan ya yi zafi, awon da aka yi da zafi kuwa ƙarya ne. Da farko ka cire kan batir na maras wuta, wato mai alamar ragewa. Ka liƙa wa wayoyin filogi lamba 1 zuwa 4 da takarda, ka zare su, ka hure ramukan da famfon keke don kada yashi ya faɗa cikin silinda, sannan ka kwance filogin ka jera su yadda suka fito. Idan ka tarar da mai ya taru a cikin rami, robobin murfin sun mutu, a canza su. Sai ka ɗage murfin bawul.

Za ka ga bawul takwas. Na ɓangaren kafireto su ne na shan mai, na ɓangaren da bututun salansa ya fito su ne na hayaƙi. Tazarar na shan mai milimita 0.10 ce, ta na hayaƙi 0.25. Don juya injin, ka sa giya ta huɗu, ka saki birkin hannu, ka sa ƙanenka ko ɗanka ya riƙa tura motar a hankali a wuri mai daidai, kai kuma kana kallon bawul. Da yake an cire filogi, ba za ta yi nauyi ba.

Jerin shi ne wannan. Idan bawul ɗin hayaƙi na silinda 1 ya danne har ƙasa, ka saita na shan mai na 3 da na hayaƙi na 4. Idan na hayaƙi na 3 ya danne, ka saita na shan mai na 4 da na hayaƙi na 2. Idan na hayaƙi na 4 ya danne, sai na shan mai na 2 da na hayaƙi na 1. Idan na hayaƙi na 2 ya danne, sai na shan mai na 1 da na hayaƙi na 3. Wannan ya bi jerin tashin wuta na injin ne, wato 1-3-4-2, kuma ko ta gaba ka fara ƙirga silinda ko ta baya, jerin bai canzawa, muddin ka tsaya a kan ƙirga guda.

A kowane bawul, ka sassauta notin, ka zura ma'aunin tsakanin kan bawul da hannun da ke danna shi, ka juya kusar da sukudireba har ma'aunin ya riƙa wucewa da ɗan ja kaɗan, kamar ana zaro wuƙa daga kube. Ka riƙe sukudireban kada ya motsa, ka ɗaure notin, sannan ka sake aunawa, domin ɗaurin noti yakan janye kusar. Kuskuren da aka fi yi shi ne matse bawul don injin ya yi shiru. Dattijon da ya koya mini aikin, wanda muke kira Baba, ya taɓa tarar da ni ina haka ina yaro, sai ya ce, "Ɗana, bawul mai ƙara ba ya ƙonewa, mai shiru shi ke kai ka ga sauke kan inji." Dalili shi ne bawul ɗin hayaƙi yana huce zafinsa ne a lokacin da ya zauna a mazauninsa, idan an matse shi ba ya zama sosai, sai bakinsa ya ƙone. Idan ba ka da ma'auni, ka tsallake wannan mataki gaba ɗaya har ka samu, ba a yin sa da ƙiyasi. Ka mayar da murfin da sabon gaskit, ka ɗaure a hankali ba da ƙarfi ba.

Mataki na 4: Filogi, kontak da sauran kayan wuta

Ka dubi bakin tsofaffin filogin kafin ka jefar. Mai kalar ƙasa-ƙasa lafiya lau. Baƙi busasshe kamar kunkunniya yana nuna fetur ya yi yawa ko filtar iska ta toshe. Baƙi mai danshin mai yana nuna zoben fistin ko robar bawul sun gaji. Fari fat kuwa alamar zafi ne ko ƙarancin fetur, kuma shi ya fi haɗari. Idan guda ɗaya ne ya bambanta da sauran, ciwon yana wannan silindar kaɗai.

Tazarar bakin sabon filogi milimita 0.6 ce. Kan injin 504 na alminiyam ne, zarensa ba ya jure ganganci, don haka ka sa filogin a sifana ka fara ɗaurawa da yatsu kawai ba tare da sandar ba. Idan ya yi tauri tun zagaye na farko, ya hau karkace, ka dawo da shi ka sake. Sai ya zauna sannan ka sa sanda ka ɗan ƙara.

Yanzu distiributa. Kafin komai, ka ja layi da ƙusa daga jikinta zuwa mazauninta, don ko ta motsa ka san inda take. Ka ɓalle murfin, ka duba ciki ko akwai tsaga ko baƙin layi kamar zanen fensir, wanda ke nuna wuta tana gudu. Ka zare rota, wato hannun da ke juyawa a ƙarƙashin murfin, ka canza kontak da kwandensa tare, kana lura da ƙananan kusoshin. Ka toshe ramin da tsumma domin idan ɗaya ta faɗa ciki sai an ciro distiributar duka. Ka tura motar har ƙafar kontak ta hau kan tudun sandar tsakiya, inda bakin ya fi buɗewa, ka saita tazarar a milimita 0.40. Ka shafa giris ɗan mitsitsi a tudun, ka ɗiga mai ɗigo ɗaya a audugar da ke ƙarƙashin rota. Bakin kontak kuwa kada mai ya taɓa shi; ka zura farar takarda tsakani ka ja don ya goge. Idan a hanya ne kontak ya ƙone kuma babu sabo, ka goge bakin da takardar yashi mai laushi, ka auna da katin kwali irin na gayyatar biki, zai kai ka gida, amma ka sake saitawa da ma'auni.

Tazarar kontak tana canza lokacin tashin wuta, shi ya sa ba a juya distiributa sai an gama da ita. Yawanci idan tazarar ta dawo daidai, lokacin ma ya dawo. Kada ka bar makulli a buɗe injin yana kashe, domin haka ke ƙona kontak da koyil.

Mataki na 5: Lagireto da ruwa

A watan Maris da Afrilu zafi a Kebbi yakan haura digiri 40, kuma zafi shi ne babban makashin wannan inji. Gindinsa ƙarfe ne, kansa alminiyam, silindojin kuma hannun riga ne da ake zarewa, ruwa yana zagaye su kai tsaye. Idan ya tafasa sau ɗaya da kyau, kan yakan lanƙwashe, gaskit ya ƙone, ruwa ya haɗu da mai.

Tun injin yana sanyi, ka buɗe murfin lagireto ka duba robarsa. Murfin da ba ya riƙe iska yana sa ruwa ya tafasa da wuri, kuma kuɗinsa kaɗan ne. Ka matsa kowace tiyo da hannu, wadda ta yi tauri kamar itace ko ta yi laushi ta kumbura a canza ta. Ka cire tiyon ƙasa ka zubar da ruwan, ka zura ruwa ta sama har ya fito fari. Ka wanke saƙar lagireton daga baya zuwa gaba, domin ƙaiƙayi da ƙwari da ƙura ta gaba suka shiga. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin farin dutse da tsatsa a cikin ƙananan bututun, don haka ka zuba ruwan lagireto na kanti wanda ke hana tsatsa. Idan babu, ruwan sama da aka tara a roba mai tsabta ya fi na rijiya nesa ba kusa ba.

Makanikai da yawa suna cire tamostat, wato abin da ke tare ruwa kada ya tafi lagireto sai inji ya ɗumama, su jefar, wai ƙasarmu da zafi. Ni ban yarda da wannan ba. Injin da ba ya saurin ɗumama da sanyin hunturu yana shan fetur, yana kuma cin silinda. Ka ciro shi ka jefa a tukunyar ruwa a kan wuta. Idan ya buɗe kafin ruwan ya tafasa, ya kuma rufe da ya huce, ka mayar da shi. Fankar asali ta 504 tana da maganaɗisu da ke kama ta idan zafi ya kai, ya sake ta idan ya sauka. Yawancin waɗanda ke hannunmu an riga an ɗaure su suna juyawa kullum, kuma wannan kam ban ga laifinsa ba a yanayinmu. Fanbel ya riƙa lotsawa kamar santimita 1 idan ka danna tsakiyarsa da babban yatsa. Idan ya fi haka tauri yana cin boris ɗin famfon ruwa, kuma ka ajiye na safaya a but kullum.

Ka mayar da kan batir, ka tayar da motar murfin lagireto a buɗe, ka zuba ido. Idan kumfa tana ta tasowa ba ta tsayawa, ko ga farin kindirmon nan a murfin mai, gaskit ya tafi. Wannan aikin gareji ne, kuma ka gaya wa mai yin sa ya danne silindojin kafin ya juya injin bayan an ɗage kan, domin idan suka motsa, abin da ya toshe gindinsu ya saki, ruwa zai riƙa sauka cikin mai ko da an sa sabon gaskit. Kada ka taɓa buɗe murfin lagireto da zafi, kada kuma ka kwara ruwan sanyi cikin injin da ya tafasa. Ka jira ya huce.

Mataki na 6: Iska, fetur da kafireto

Filtar iska iri biyu ce. Ta takarda ana kakkaɓe ta a hure daga ciki zuwa waje, idan haske ba ya ratsa ta a canza. Mai kwanon mai kuwa, a zubar da tsohon man, a kankare laka, a wanke ragar da kananzir, a bar ta ta tsane, a zuba sabon baƙin mai daidai layin da ke jikin kwanon. Da hunturu ina duba tawa duk mako biyu. Tafiya babu filta ko ta yini ɗaya ce a hanyar ƙauye, daidai take da zuba yashi a silinda.

Ka canza filtar fetur, kibiyar da ke jikinta tana kallon kafireto. Idan motarka ba ta da ita, ka yanke tiyo ka sa mata. Wata shekara na sayi fetur a jarka a bakin hanya ina dawowa daga Kamba, ban yi nisa ba motar ta fara shaƙewa, da na buɗe kafireto ruwa da laka na tarar a kwanonsa. Tun daga ranar, idan dole ta sa na sayi na jarka, sai an tace mini ta kyalle mai tsabta. Tiyon fetur da ya tsattsage a canza shi nan take, shi ne mafarin yawancin gobarar tsofaffin motoci.

Idan bayan duk wannan motar tana tashi da kyau tana kuma tsayawa a silo, ka ƙyale kafireto. Idan ba haka ba, ka ɗage saman, ka tsane kwanon da tsumma mara zare, ka kwance jet, wato ƙananan kusoshi masu siririn ramin da fetur ke bi, ɗaya bayan ɗaya kana mayar da kowane inda ya fito. Da iska ake hure jet. Waya ko allura tana faɗaɗa ramin, motar ta koma shan mai har abada. Kafin ka taɓa kusar da ke daidaita fetur da iska, ka ɗaure ta a hankali kana ƙirga zagayen, ka rubuta, don ka iya komawa inda ka fara, kuma kada ka matse ta, bakinta siriri ne. Ana saitin ne injin yana da zafi: ka juya kusar rabin zagaye ka saurara, ka tsaya inda injin ya fi tafiya sumul, sannan ka sauke silo da kusar totur zuwa kamar zagaye 850 a minti, wato inda ba ya rawa kuma ba ya ihu. Idan duk yadda ka juya babu canji, iska tana shiga ta gaskit ɗin gindin kafireto ko ta wata tiyo da ta fashe.

Mataki na 7: Batir

Ruwa ya rufe farantan ciki da kamar santimita 1, kuma ruwan batir kawai ake ƙarawa, ba asid ba. Ka wanke farin garin da ke kan sandunan da ruwan zafi, ka goge, ka ɗaure, ka shafa giris. Idan kana da mita, cikakken batir yana nuna kimanin volt 12.6, idan injin yana tafiya kuma tsakanin 13.8 da 14.4. Ka kankare inda wayar maras wuta ta kama jikin mota, domin tsatsar wurin ce ke sa kik ya riƙa nauyi a zargi batir.

Mataki na 8: Birki, giya da aksul

Ka sassauta notin taya tun motar tana ƙasa, ka ɗaga, ka tokare, ka sa dutse a tayoyin da ke ƙasa. Kafin ka cire tayar, ka kama ta sama da ƙasa ka girgiza, sannan dama da hagu; motsi yana nuna boris ko tayarod sun gaji. Gaba faifai ne, baya kuwa wasu faifai wasu ganga. Fatar birki da ta rage ƙasa da milimita 3 a canza ta, kuma ɓangarorin biyu tare. Duk inda ka ga danshi a bayan taya ko a tiyon birki, kada motar ta fita sai an gyara.

Man birki yana shan danshi daga iska, don haka ana sabunta shi duk shekara biyu. Mutum biyu ke yi: ɗaya ya taka sau uku ya riƙe, kai ka buɗe ƙaramar kusar fitar da iska, mai ya fita ta siririyar tiyo zuwa kwalba, ka rufe, sannan ya saki ƙafa. Ana farawa da tayar da ta fi nisa da tukunyar man birki, kuma kada a bar tukunyar ta ƙafe. Kuloci ma da man birki yake aiki, ka duba tasa tukunyar. Ina roƙonka kada ka bi masu zuba ruwan sabulu ko baƙin mai a birki. Na farko yana tafasa ya sa tsatsa, na biyu yana kumbura robobin duka, kuma rayukan iyalinka ne a cikin motar.

A giya da aksul, ka fara kwance murfin cikawa na gefe kafin na zubarwa, don kada ka zubar sannan na cikawa ya ƙi buɗewa. Giyar 504 mai huɗu baƙin man inji take sha, aksul kuwa 80W-90, kowanne a cika har ya fara dawowa ta bakin ramin, motar tana tsaye daidai. Idan ka ratsa ruwa mai zurfi a fadama da damina, ka duba man aksul. Idan ya koma kalar madara a canza. Taya kuma ba zanenta kaɗai ake dubawa ba. Lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 mako na 23 ne na 2019, kuma wadda ta haura shekara shida ba abin yarda ba ce a kan kwaltar bazara.

Mataki na 9: Tsatsa da ɓera

Ka ɗage tabarmin ƙafa da na but ka duba ƙarfen. Takin zamani da gishiri da fitsarin dabbobi suna cin ƙasan mota fiye da ruwan sama, saboda haka a shimfiɗa leda mai kauri kafin a ɗora su, a kuma wanke bayan an sauke. Ka zura waya ka buɗe ramukan tsiyayar ruwa da ke ƙasan ƙofofi. Inda tsatsa ta fara, a kankare har farin ƙarfe ya fito, a shafa jan fenti na hana tsatsa. Bayan ɗaukar shinkafa ko gero a share tsabar da ta zube tas, domin ita ke kiran ɓera, shi kuma ya zauna ya ci wayoyi.

Mataki na 10: Gwaji a hanya

Ka ƙirga sifanunka, ka tabbata ba ka bar tsumma a inji ba, ka taka birki sau da yawa har ya yi tauri kafin motar ta motsa. Ka fara zagayawa cikin unguwa a hankali, sannan ka hau kwalta. Idan injin ya yi zafi, ka sa giya ta huɗu a gudun kilomita 40 ka taka totur sosai. Idan ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, wuta tana tashi da wuri: ka sassauta distiributa ka juya ta kaɗan, kamar kaurin layin da ka ja, zuwa inda rota ke juyawa, ka ɗaure ka sake gwadawa. Idan kuwa motar ta yi nauyi tana zafi, ka juya ta ɗaya ɓangaren da wannan ɗan awon. Abu ɗaya ake canzawa a kowane gwaji. Bayan kamar kilomita 20 ka dawo, ka sake shimfiɗa kwali, ka ƙara ɗaure notin tayoyi, idan ta huce ka duba ruwa da mai. Sannan ka rubuta kwanan wata da lambar kilomita da abin da ka canza a ƙaramin littafi, ka ajiye shi a aljihun gaban mota tare da tsohon kontak da kwandensan da ka cire, idan suna da sauran rai.